Hannun da Aka Ɗaga Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a masaukinku na Katsina, Ya tsare ka a hanyar Abuja, zuwa da dawowa, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum. Mutanen gida lafiyarsu lau. Ba don labarinsu na zaunar da Malam Hamza da biro a zaurena ba, don haka na bar shi nan.

A shekarar nan da rana ta yi husufi da hantsi har kaji suka koma akurki, na cika shekara talatin ina riƙe da wata magana a cikina. Niyyata in shiga kabari da ita. Kai ka tono ta shekaranjiya, da bakinka, a kan tabarmata.

Ka shigo cikin sabuwar shadda mai ƙamshin kanti, ka ce an sa sunanka cikin deleget da za su je Abuja su fitar wa jam'iyyarku da ɗan takarar shugaban ƙasa, in an gama kuma akwai aikin da aka yi maka alkawari a can. Na ce wa ya zaɓe ka, ka ce shugaban jam'iyya ne ya rubuta sunanka. Na ce yaushe aka tara mutanen Kwarin Maje aka tambaye su, ka yi dariya ka ce ai a takarda an yi taron. Na ce to wa za ka zaɓa, ka ce sai kun isa za a gaya muku. Sannan ka gyara zama ka shiga karantar da ni kamar ina ɗan aji ɗaya a firamarenka. Ka ce, "Baba, talaka bai san wanda ya dace da ƙasa ba. Ko a Amurka wakilai ne ke zaɓen shugaba, ba jama'a ba. Nan Daura ma ai ba layi ake yi a zaɓi sarki ba."

Ka ɗauka ka ƙure ni. Ni kuwa fushi nake yi, kuma ba da kai kaɗai nake fushin ba.

Maganar Amurka na riga ka jin ta. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina, rediyona ya yi makonni yana maimaita ta: wanda ya fi samun ƙuri'ar mutane shi ya faɗi, wanda ya fi samun wakilai shi ya hau. Malam Hamza ya yi mini bayani a lokacin cewa wakilan nasu ba su saɓa wa kowa ba, tsarin lissafinsu ne ya zo da haka. To in lissafi kaɗai zai iya kayar da mai rinjaye ba tare da kowa ya ci amana ba, ina ga an haɗa shi da ɗan Adam mai ciki da jin nauyi? Masu zaɓen sarki kuwa, cire su daga bakinka. Duk ƙasar Daura an san ƙofar gidajensu, an san kakanninsu, wanda suka zaɓa ƙarƙashinsa za su zauna, a nan kuma za a binne su. Kai wa ya san ka a Abuja? Takarda za ka jefa cikin dubban mutane ka faɗa mota.

Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Amma aikin da za ka je yi na taɓa yin sa, kuma na san abin da yake yi wa mutum.

Shekarar da aka harbe shugaban soja a Ikko, bayan babban farin da ya kashe shanu, gwamnati ta ce za a yi kansiloli. Mu ba a kawo mana akwati ba. Cewa aka yi kowane ƙauye ya fitar da mutum ɗaya, waɗannan su haɗu su zaɓi kansilan yanki. Lokacin ko wando ba ka iya ɗaurawa. Mutum biyu suka tsaya. Akwai Malam Buba, malamin dabbobi, wanda ya yi farin nan a kan keke yana bin rugage da ƙauyuka, wannan tsohon makahon da kake gaisarwa a ƙofar masallaci. Akwai kuma Alhaji Tanko mai sayen gyaɗa, wanda shi kaɗai ke da babbar mota a yankinmu.

Mu a Kwarin Maje muka yi yadda muka saba in magana ta raba kan gari. Aka ajiye ƙwarya biyu a gindin majen nan na dandali, sabuwa ta Malam Buba, ɗinkakkiya ta Alhaji Tanko. Kowane magidanci ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefa inda yake so, kowa yana kallo. Malam Buba ya samu sittin da uku. Alhaji ya samu huɗu, huɗun ma masu yi masa awon gyaɗa ne. Mai unguwa na lokacin, Allah Ya jiƙansa, ya juye tsakuwar Malam Buba cikin 'yar jakar fata, ya ɗaure bakinta, ya rataya mini a wuya. Ya ce, "Idi, ba kai muka aika ba, wannan muka aika. Kai jaki ne kawai." Dandali ya ɗauki dariya.

Ni ban yi dariya ba, kuma kuskurena na farko ke nan. Raina ya sosu. Ina tafe a hanya ina ce wa kaina ai ba don banza aka tsallake manya aka ɗauko ni ba, hankalina aka gani. Kafin in isa garin da za a yi zaɓen, har na fara cewa a zuciyata zan duba in ga wanda ya fi dacewa. Wa ya tambaye ni? Mutum sittin da uku sun riga sun duba. Salisu, ranar da wakili ya fara jin cewa ya fi waɗanda suka aiko shi sani, ranar ya tashi daga wakili ya koma ɓarawo, ko bai taɓa komai na kowa ba. Muryar da na ji a bakinka shekaranjiya, tawa ce ta kan hanyar nan.

Zaɓe sai bayan azahar, mu kuwa mun isa da hantsi, mu goma sha bakwai. Yaron motar Alhaji ya tare mu ya ce mu zo mu huta a inuwa. Kada ka zaci kuɗi aka ba ni. Ko kwabo ban gani ba, da an ba ni ma da na watsa wa mai shi a fuska, in dawo gida ina alfahari. Darduma aka shimfiɗa mana. Aka kawo shinkafa da kaji, ni da rabona da shinkafa tun ranar sunanka. Alhaji da kansa ya ɗauki buta ya zuba mini ruwa a hannu. Ya kira sunan mahaifina, ya ce sun taɓa tafiya fatauci tare, ya tambayi jikin mahaifiyarka, don ya ji ta yi zazzaɓi. Da za mu tashi ya ba kowa hula. Maganar zaɓe kuwa ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinsa ba.

Mutum ɗaya ne bai ci ba, wani tsohon Bafulatani daga rugagen bakin iyaka, Jauro Bello. Ya ce ya gode, yana da furarsa a gora. Ya koma gindin bango ya zauna a ƙasa. Har na ce wa na kusa da ni, ka ga girman kai irin na Fulani.

Saboda haka ka ji da kyau. Abin da za su saye ka da shi ba zai zo da kamar ciniki ba. Ɗakin otal ne mai sanyi, da babban mutum da zai dafa kafaɗarka ya kira ka da suna a gaban jama'a. Kai da kunya irin ta gidanmu, ba za ka iya cin abincin mutum da rana ka juya masa baya da la'asar ba. Na san jininka. Ka sayi ƙuli-ƙulinka da dabinonka a tashar Katsina, ka ci naka har a gama. Shaddar nan kuma, na san ba kai ka saya ba, ka naɗe ta ka sa tsohuwar rigarka ta Juma'a.

Bayan azahar aka shigar da mu wani aji a makarantar firamare, muka zauna a bencin yara, gwiwoyinmu har haɓa. Jami'in da aka turo ya sa 'yan takarar biyu suka fita can bakin hanya. Amma direban Alhaji yana tsaye a taga, ya jingina da hannu ɗaya, babu wanda ya ce ya matsa. Jami'i ya fara da Malam Buba, ya ce masu son sa su ɗaga hannu.

Jakar tana wuyana, ƙarƙashin riga, ina jin nauyinta a ƙirjina. Sabuwar hula tana aljihuna. Na dubi dama, na dubi hagu. Wakilin ƙauyen da ke gabas da mu yana kallona, na kuma san abin da yake jira, don ƙauyensu ma Malam Buba suke so. Ni yake jira, ni kuma ina jiran wani. Hannu ɗaya ya tashi a ajin nan, na Jauro Bello. Jami'i ya rubuta, ya ce an gani, a sauke. Tsohon bai sauke ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ba a gama ƙirgawa ba tukuna."

Babu wanda ya motsa. Jauro ya gaji ya sauke. Da aka kira sunan Alhaji Tanko, hannu goma sha shida suka tashi, nawa yana ciki. Ban ma san lokacin da ya tashi ba.

Malam Hamza ya ajiye biro a nan ya fita. Tsakuwarsa tana cikin jakar nan, shi ma yau ya fara jin wannan labari. Ya daɗe a waje. Da ya dawo bai dube ni ba, ya ce in ci gaba, ni kuma na ce ya rubuta har da fitar tasa.

Na sha gaya wa kaina cewa ko na ɗaga, biyu ba za su ka da sha biyar ba. Ƙarya ce, na kuma san ƙarya ce. Na ga idon mutumin gabas. Da na ɗaga zai ɗaga, bayansa akwai wasu. Ko da ma babu kowa, ni ba a aike ni in ci zaɓe ba, an aike ni in sauke kaya inda aka ce. Idan ka shiga filin taronku na Abuja, kada ka dubi hannun kowa. Kowa a wurin wani yake jira.

Abin da ya fi wannan muni yana gaba. Labari ya riga ni isa gida, cewa Malam Buba hannu ɗaya ya samu. Na tarar da mutane a bakin gari suna jirana. Kafin in buɗe baki mai unguwa ya kama wuyan hannuna ya ɗaga sama ya ce, "Ga hannun nan." Malam Buba ya rungume ni yana hawaye. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Daga ranar na zama Idi Hannu Ɗaya. Kai ma da sunan ka taso, da shi aka san ka a makaranta, da shi aka ba ka mata.

Sauran sha biyar ba su tona ni ba, don kowa yana da abin da yake ɓoye wa ƙauyensu. Jauro Bello kuwa ba mai surutu ba ne, bai kuma daɗe a ƙasar ba. Damina biyu ba a yi ba Alhaji ya kewaye tabkin da muke sha mu da dabbobi, ya mai da shi lambunsa, da takardar hukuma a hannunsa. Aka nome burtalin da shanu ke bi. Jauro ya kwashe iyalinsa da abin da fari ya rage masa ya tsallaka Nijar, can ya rasu. Mutumin da ya ɗaga hannun ya rasa mashaya, ni da na ci kaza na samu suna.

Sunan kuwa ya ciyar da ni. Ni ake kira in an rikice a kan iyakar gona. Tun da shari'a ta dawo, sau nawa ka ga an aiko daga kotu a ce in zo in faɗi inda kakan wane ya dasa ciyawar jema, inda kakan wane ya tsaya? In na yi magana, wanda bai ji daɗinta ba ma yakan sunkuyar da kai, don Hannu Ɗaya ne ya faɗa. Allah Ya sani ban taɓa matsar da iyakar kowa ko da taki ɗaya ba. Amma yardar da ake yi mini ta Jauro Bello ce. Kowace Juma'a in an sallame, Malam Buba yakan lalubo hannuna na dama ya riƙe, ya ce, "Hannu Ɗaya, Allah Ya biya ka." Shekara talatin ina cewa amin.

Mutum ɗaya ce ta gane, mahaifiyarka, Allah Ya haskaka kabarinta. Lokacin da soja suka miƙa mulki aka ce mata ma su fito su jefa ƙuri'a, na hana ta. Na ce ƙuri'ata ta ishi gidan nan, ni zan zaɓar mana. Ta dawo ke nan daga rijiyar nesa, don tun da aka kewaye tabki can mata ke zuwa. Ta sauke tulu, ta goge wuyanta da bakin zane, ta ce, "Malam, ni ke ɗaukar tulun, kai za ka zaɓar mini mai kawo ruwan?" Na daka mata tsawa. Da ta kai ƙofar ɗaki ta juyo ta ce, "Hular nan da ke ƙasan adaka kusa da jakar tsakuwa, me ya sa ba ka taɓa sa ta ba?" Ba ta sake ɗaga maganar ba har ta koma ga Allah. Ni kuma don taurin kai ban bar ta ta fita ranar ba. Ka ga na sake naɗa kaina wakili, a kan matar da ta fi ni sanin inda abin ke ciwo. In ka sake cewa talaka bai san wanda ya dace da shi ba, ka tuna da wuyan uwarka.

Ba cewa nake jama'a ba sa kuskure ba. Zamanin ƙato bayan ƙato na tsaya a layi, rana na dukana, bayan hoton wani da ya fito bai tsinana mana komai ba. Duk garin nan muka tafka wannan kuskure. Amma da ƙafarmu muka yi shi, da rana tsaka, ba wanda ya yi mana shi a ɗaki, kuma da ya dawo neman a sake zaɓensa mun san abin da muka yi masa. Abin da nake so a ƙasar nan ke nan: a ajiye akwati, ni in jefa tawa, matarka ta jefa tata, mai kiwo ya jefa tasa, a ƙirga a gabanmu, tun daga fitar da ɗan takara har hawansa. Duk inda aka ce mutum dubu su miƙa bakinsu ga mutum ɗaya ya shiga ɗaki da shi, akwai mai shinkafa yana jira a ƙofar ɗakin.

Ban ce kada ka je ba. Sunanka ya riga ya shiga, in ka janye wani za a rubuta wanda ko ubansa ba zai aiko masa da takarda ba. Ka je. Amma ba za ka je da wuya babu komai ba. Direban motar kasuwa ya ce sai jibi ayarinku zai tashi, shi kuma gobe da azahar zai shiga Katsina. Zai kawo maka saƙo daga Kwarin Maje. Abin da ka gani a ciki shi za ka jefa, ko ya yi wa shugabanka daɗi ko bai yi ba, ko aikin Abuja ya tafi. Gonata tana nan, ajinka yana nan. In kuma ka kasa, kamar yadda ubanka ya kasa, to ka dawo ka tsaya a dandali ka faɗa da bakinka ranar da ka sauka, kafin wani ya ɗaga maka hannu. Faɗuwar zan iya yafe maka. Shirun ne ba zan yafe ba, don na san tsawonsa.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya kiyaye ku daga hatsarin hanya da turmutsitsin taro, Ya sa ka kwana cikin aminci a garin da ba ka san kowa ba. Allah Ya ƙarfafa maka hannu, Ya dawo mini da kai kana iya duban mutane ido da ido. Ka riƙe sallarka a kan lokaci. Matarka da yara suna gaishe ka.

Gobe in Allah Ya kai mu, in an sallame asuba, zan roƙi liman kada kowa ya tashi. Zan zauna gaban Malam Buba in sa masa jakar nan a hannu, da hular, in gaya masa hannun wa aka ɗaga. Abin da zai ce, da abin da kotu za ta yi da shaidata bayan haka, na bar wa Allah. Daga nan zan ɗauki ƙwarya biyu in kai gindin maje, in sa a yi shela maza da mata su fito, kowa da tsakuwarsa, a zaɓa tsakanin manyan 'yan takara biyu na jam'iyyarku. Abin da ya fito shi ne saƙon da direba zai kawo maka. In sun ƙi amincewa in riƙe ƙwaryar, Malam Hamza zai riƙe.

Ni ne mahaifinka,
Idi ɗan Musa, Kwarin Maje.
Na hana Malam Hamza ya rubuta ɗaya sunan.